Ƙwaya, azumi ko motsa jiki: wanne ya fi taka wa tsufa birki?

Da zarar mutum ya haura shekara 40 a garin nan na Kaduna, masu ba da shawara sai su yi masa caa. Wani ya turo masa hoton kwalba a WhatsApp, wai ƙwaya biyu kullum za su mayar da shi ɗan 25. Wani ya ce ya bar karin kumallo, kada ya sa komai a baki sai bayan azahar. Wani kuma ya ce gobe bayan asuba su haɗu a Murtala Square da takalmin gudu. Kowa cewa yake bincike ya nuna. Mai albashi ɗaya da iyali a wuya ba zai iya riƙe su duka da gaske ba, dole ya san wanda zai sa a gaba.

Akwai hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, in ban da guda ɗaya, tsufa. Har yau kimiyya ba ta zo da abin da ya saɓa wa wannan ba. Babu ƙwaya ko tsarin cin abinci da aka gwada a kan mutane aka tabbatar ya tsayar da tsufa. Jeanne Calment 'yar Faransa ta rasu a 1997 tana da shekara 122, kuma duk da kuɗin da aka narka a wannan fanni tun lokacin, babu wanda aka tabbatar ya kamo ta. Kwana na Allah ne. Abin da ake iya gardama a kai shi ne yadda mutum zai ci shekarun da aka rubuta masa. Ɗan 70 zai iya tashi daga sujada ba tare da dafa bango ba? Ya tsira daga shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga? Yana gane jikokinsa? Da wannan ma'aunin zan auna ukun.

Ƙwayoyin su suka fi cin kuɗi, su kuma suka fi baki. A manyan famasi na cikin gari, da kemis na unguwa, da hannun 'yan kasuwar nan ta kawo mutum biyu su ma su kawo biyu, za ka samu haɗin bitamin, man kifi, kolajin (sinadarin da ke riƙe fata da gaɓoɓi), sai na yayi irin NMN da resveratrol da ake odarsu daga waje. Labarin waɗannan na yayin daga yis da ɓera ya faro. Resveratrol sinadari ne da ke cikin fatar inabi, ya yi suna ne ta hannun David Sinclair na jami'ar Harvard, bayan an ga alamun amfaninsa a yis da ɓeraye. A 2008 kamfanin magani na GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin Sirtris, wanda aka gina a kan wannan fata, a kan dala miliyan 720. A 2010 suka dakatar da gwajin sinadarin, a 2013 suka rufe ofishin Sirtris. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ba ya sakin abu in ya hango riba. Amma har gobe ana sayar wa mutanenmu shi a matsayin sabon sirri. NMN kuwa gaskiya ne yana ƙara wani sinadari da ake kira NAD a jini, wanda ke raguwa da shekaru. Sai dai gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne, na 'yan makonni ko watanni, babu wanda ya nuna an ƙara kwana ko an rage cuta.

Bitamin na yau da kullum su an gwada su da gaske, a kan dubban mutane, an raba su biyu, wasu su sha ƙwayar gaske wasu su sha wadda babu komai a ciki. Sakamakon ba ya yi wa 'yan talla daɗi. A Finland an ba maza masu shan sigari kimanin 29,000 ƙwayoyi, da rahoton ya fito a 1994 sai aka ga waɗanda suka sha sinadarin beta-carotene dajin huhu ya ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100. A Amurka an gwada bitamin E a kan maza kimanin 35,000 da nufin kare su daga dajin furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, a 2011 aka bayyana cewa ya ƙara haɗarin ne da kashi 17 cikin 100. Bitamin D da man kifi an gwada su a kan mutum kusan 26,000, a 2018 aka ga ba su rage yawan kamuwa da daji ko manyan cututtukan zuciya a dunƙule ba. A 2024 kuma aka fitar da nazarin mutum kimanin 390,000 da aka bi fiye da shekara 20: masu shan haɗin bitamin kullum ba su fi marasa sha daɗewa ba.

Dalilin ba mai nisa ba ne. Bitamin yana aiki ne inda aka rasa shi. Jikin da yake da isasshe, ƙara masa tamkar zuba ruwa ne a randar da ta riga ta cika. Irinsu bitamin C da B su bi fitsari su fita, irinsu A da D kuwa su taru a jiki, in suka yi yawa su zama matsala.

Inda aka rasa kuwa, ƙwaya ba abin rainawa ba ce. Mai ciki da ke zuwa awo, ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta suna kare ta suna kare ɗan cikin. Dattijo, ko mai ciwon suga da ya daɗe yana shan metformin, yakan rasa bitamin B12, abin ya fito masa a matsayin kasala, ko dindiris a ƙafa, ko mantuwa, a ɗauka tsufa ne alhali abu ne da ake gyarawa. Binciken da aka yi a Jos ya nuna yaran da ƙafafunsu ke gwamewa yawanci sinadarin kalsiyam suka rasa a abinci, da aka ba su ƙashin ya warke. Matar da ba ta cika fita rana ba tana iya samun ƙarancin bitamin D. Duk waɗannan likita ne zai duba, a auna jini in da hali, a cike gurbin. Cike gurbi daban, hana tsufa daban. A tuna kuma gishirin da muke saya an riga an sa masa aidin, fulawa da sukari da man girki na kamfani doka ta ce a sa musu bitamin A.

Mai talla zai nuna maka lambar NAFDAC a jikin kwalba. Ka juya kwalbar ka karanta ƙananan rubutun. A kan magungunan itatuwa da dama za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Lambar ba shaidar yana maganin abin da aka lissafa ba ce. Wanda ya zo daga Amurka ma kada sunan ƙasar ya ruɗe ka: tun dokar 1994, irin waɗannan ƙwayoyi ba sa buƙatar amincewar hukumar magunguna ta can kafin su shiga kasuwa. Zogale abu ne mai kyau, amma kwaɗonsa da ƙuli ya fi garinsa a cikin kafso araha, kuma ka ga abin da kake ci.

Masu zurfafawa suna maganar magungunan asibiti biyu. Rapamycin ya ƙara wa ɓeraye kwana a wani gwaji na 2009, amma magani ne da ke danne garkuwar jiki, wanda ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Bryan Johnson, attajirin Amurkan nan da ke kashe kimanin dala miliyan 2 a shekara don kada ya tsufa, ya sha shi shekaru, daga baya ya sanar ya daina saboda illolin da ya gani. Metformin kuwa zan dawo kansa.

Azumi ya fi ƙwaya tushe, kuma mu ba baƙonmu ba ne. Musulmi na da Ramadan, Sitta Shawwal, Litinin da Alhamis, da kwana uku na tsakiyar wata. Kiristocinmu na Sabon Tasha da Barnawa da Kakuri suna da kwana 40 kafin Ista da azumin farkon shekara. Wanda ke yi don ibada ladarsa na wurin Ubangijinsa, ba ya jiran wani ɗakin gwaji ya sa masa hannu. Tambayar a nan ita ce ta jiki kawai.

Tun 1935 Clive McCay na jami'ar Cornell ya nuna ɓerayen da aka rage wa abinci, ba tare da an hana su sinadaran da suke buƙata ba, sun fi 'yan'uwansu daɗewa. An maimaita wannan sau da dama, ya tabbata a ƙananan dabbobi. Da aka hau kan birai sai magana ta rabu. Na jami'ar Wisconsin sun amfana, rahoton 2009 ya nuna haka. Na cibiyar nazarin tsufa ta gwamnatin Amurka kuwa, a 2012 aka ce kwanansu bai ƙaru ba. Ɗaya daga cikin bambancin shi ne birai na Wisconsin da aka bari suna ci yadda suka ga dama abincinsu cike yake da sukari. Wato wani ɓangare na amfanin rage ci, kuɓuta ce daga mugun ci.

A kan mutane, gwajin da ya fi kowanne tsari shi ne wanda ake kira CALERIE. Mutum 218, shekara biyu. An nemi su rage kashi 25 cikin 100 na abin da suke ci, iyakar abin da suka iya kusan kashi 12. Duk da haka hawan jininsu da kitsen jini da yadda jiki ke sarrafa suga sun gyaru, wani ma'aunin saurin tsufa da ake ɗauka daga jini ya nuna raguwar kashi 2 zuwa 3. Amma an ga ƙashinsu ya ɗan rage ƙarfi, tsoka ma ta ragu. A lura, wannan rage yawan ci ne, ba ƙidayar awa ba. Shi tsarin nan na awa 16 babu ci, awa 8 a ci, da ake yayi yanzu, da aka gwada shi a kan mutum 139 a birnin Guangzhou na Sin tsawon shekara guda, rahoton 2022 ya nuna bai ƙara komai a kan rage abinci kawai ba. Amfaninsa shi ne wasu sun fi iya riƙe agogo a kan riƙe cokali. In rufe kicin bayan isha'i zai hana ka indomi da ƙwai da shayi mai kauri a teburin mai shayi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, to ya yi aikinsa.

Duk shekara in azumi ya gabato sai wani saƙo ya zagayo, wai wani masanin Japan ya ci kyautar Nobel saboda ya gano azumi na kashe daji. Sunansa Yoshinori Ohsumi, ya ci kyautar a 2016, wannan gaskiya ne. Abin da ya gano shi ne yadda ƙwayar halitta ke narkar da tarkacen cikinta ta sake amfani da su, kuma a kan yis ya yi aikin. Bai gwada masu azumi ba, bai ce a bar maganin asibiti ba. Addini bai buƙatar a yi masa ƙari.

Azumin Ramadan a Kaduna yana kaiwa awa 13 zuwa 14. Nazarce-nazarcen da aka tattara daga ƙasashe daban-daban sun nuna mutane kan rage kilo ɗaya ko makamancin haka, bayan salla da 'yan makonni ya dawo. Wanda ya san faifan buɗa-bakinmu ba zai yi mamaki ba: ƙosai, soyayyen dankali, soyayyar doya da ƙwai, kunu an cika masa sukari, zoɓo ko lemon kwalba, sannan a zo tuwo bayan tarawihi. Hadisin nan na kasa ciki uku, ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, ya fi kusa da abin da CALERIE ya gwada fiye da yadda yawancinmu ke buɗa baki.

Azumi kuma yana da waɗanda yake iya kayarwa. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan irinsu Daonil, sugansa na iya faɗuwa ya sume. Mai ciwon ƙoda, a zafin Maris da Afrilu, rashin ruwa na iya ƙarasa abin da ya rage. Mai olsa, mai ciki, mai shayarwa, kowanne sai da shawarar likita, kuma shari'a ta riga ta ba su rangwame. Tsarin nan na 5:2, wato kwana biyar na ci kwana biyu na azumi a mako, da Michael Mosley ya yaɗa a Ingila daga 2012, wanda wasu ke cewa ai Litinin da Alhamis ne, a cikinsa ana shan ruwa ana ɗan cin abinci kaɗan a kwana biyun, don haka ba a ɗaukar sakamakonsa a ɗora wa namu kai tsaye.

Motsa jiki shi ne wanda babu mai samun kamasho a kansa, shi ya sa ba a cika turo shi a waya ba. Hujjarsa ta fara ƙarfi ne daga motocin haya na Landan. A 1953 Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu da kwandastocinsu. Direba na zaune wuni guda, kwandasta na hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Bugun zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba. Duk mai tuƙa Keke daga Kawo zuwa Kasuwa tun safe har dare, da ma'aikacin da ke fita daga mota ya shiga ofis ya koma mota, wannan labarinsu ne.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙanƙantar abin da ake buƙata kafin a fara ganin riba. A Taiwan an bi mutum fiye da 400,000, rahoton 2011 ya nuna masu motsa jiki minti 15 a rana haɗarin mutuwarsu ya ragu da kashi 14 cikin 100 a kan marasa yi, da ƙarin kimanin shekara uku a lissafin tsawon rai. Taku 10,000 da wayoyi ke ƙirga mana asalinsa sunan wata na'ura ce da aka tallata a Japan a shekarun 1960. Da aka auna tsofaffin mata kusan 17,000 a Amurka, a 2019 aka ga mai taku 4,400 ta riga ta fi mai 2,700, ribar kuma ta daidaita a wajen 7,500. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka.

Wannan na biyun shi muka fi sakaci da shi, alhali shi ya fi shafar tsufa. Daga shekara 30 tsoka kan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma, bayan 60 abin ya ƙara sauri. Ita ce ke tashin mutum daga tabarma, ita ke riƙe shi in ya yi tuntuɓe, ita ce kuma babbar ma'ajiyar da ke janye suga daga jini. A 1990 Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma masu shekara 86 zuwa 96 a gidan kula da tsofaffi a Boston suna ɗaga nauyi da ƙafa. Cikin mako takwas ƙarfin ƙafarsu ya ninka fiye da sau biyu. Babu kwalbar da ke kan kanta a Kaduna da ta taɓa nuna irin wannan a kan ɗan 90.

Adalci ya sa a faɗi raunin hujjar. Yawancin manyan alƙaluman tsawon rai na bin diddigi ne, kuma mai lafiya dama shi ke iya fita tafiya, don haka wani ɓangare na ribar daga can take. Amma inda aka raba mutane da ƙuri'a ma an ga aiki. Gwajin LIFE na 2014, a kan tsofaffi 1,635 masu shekara 70 zuwa 89, ya nuna masu tafiya da atisaye sun fi tsira daga kasa tafiya da kashi 18 cikin 100. Sannan aikin wahala ba daidai yake da motsa jiki ba. Ɗan dako a Kasuwar Bacci ko lebura a wurin gini ba tafiya ya rasa ba, hutu da abinci mai kyau da awon jini ya rasa.

Akwai wuri ɗaya da aka haɗa ƙwaya da gumi a fili guda. A Amurka an ɗauki mutum 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon suga. Wasu aka ba su metformin, wasu aka sa su tafiya minti 150 a mako da rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. A 2002 sakamako ya fito: metformin ya rage kamuwa da kashi 31, tafiya da gyaran ci suka rage da kashi 58, a cikin 'yan sama da 60 ma kashi 71. Kuma haɗa su ba kullum yake ƙari ba. Wani gwaji na 2019 ya nuna metformin ya rage girman tsokar da tsofaffi marasa ciwon suga suka samu daga ɗaga nauyi, wani na Jamus a 2009 ya nuna bitamin C da E masu yawa sun toshe wani ɓangare na amfanin atisaye. Mai ciwon suga dai kada ya ajiye maganinsa saboda wannan, maganar masu sha ba tare da cuta ba ake yi.

A wurina jerin a bayyane yake: ƙafa da tsoka a gaba, rage ci a bayansu, ƙwaya sai an auna an ga gurbi. Kuɗin kwalbar wata guda kuwa, da a sayi na'urar awon hawan jini a ajiye a gida ya fi. Kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Najeriya na da hawan jini, da yawa ba su sani ba, kuma shi ke tsofar da zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa a ɓoye. Ƙwayar hawan jini da likita ya rubuta tana cikin 'yan ƙwayoyin da aka tabbatar suna hana shanyewar jiki da mutuwar wuri, ga ta da araha, amma ita ce mutane ke yarwa da zarar sun ji sauƙi.

Yadda za a yi ya danganta da wane ne. Magidanci mai tumbi, ɗan 45, mai zaman ofis, ya fi kowa cin ribar haɗa biyu: tafiya mai sauri bayan asuba, ko a Murtala Square ko zagayen unguwa, da rufe ciki da wuri da dare. In yana azumin Litinin da Alhamis, ya tsare buɗa-bakin, ya mayar da tafiyar ranar zuwa dab da magariba ko bayan ya sha ruwa. Kafin ya fara ɗaga ƙarfe ya auna jininsa, in ya ji nauyi a ƙirji ko jiri yana cikin tafiya ya tsaya ya nemi asibiti. Lokacin hunturu, ranar da ƙura ta rufe gari, mai asma ya yi nasa a ɗaki.

Uwargida da fita filin wasa ba ta yi mata ba, ko don al'ada ko don ɗawainiya, tsakar gida ta isa. Zama da tashi daga kujera sau goma, a huta, a sake. Tura bango da hannu. Ɗaga galan mai ruwa. Tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da abin dafawa. Bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace na saurin yin rauni, don haka ita ce ta fi buƙatar wannan, kuma ita ce aka fi tallata wa kolajin.

Dattijo ko dattijuwa da jiki ya riga ya zube, lissafin juyawa yake. A nan rage ci haɗari ne, yawan azumin nafila na iya cinye 'yar tsokar da ta rage. Abin da 'ya'ya za su yi wa Baba ko Hajiya shi ne su tabbatar akwai wake, ƙwai, kifi, nono ko awara a kwanon kullum, su daina cewa "zauna kawai, a kawo miki" a kan duk abin da za ta iya tashi ta ɗauko, su raka Baba masallaci da ƙafa maimakon a ɗauke shi a mota. In ana zuwa asibiti, a roƙi likita ya duba B12 da yawan jini tare da suga da ƙoda.